Yarinyar da Ba Ta Taɓa Faɗuwa Ba

Ranar da Fasto ya zo cin abincin rana a gidan Pesamino, Talaleu aka ba tasar wanke hannu. Shekarunta tara, kuma ta iya aikin tun tana 'yar biyar: ki shigo a sunkuye, ki ce "tulou", wato gafara dai, ga duk wanda kika gifta, ki durƙusa ki ajiye tasar da tawul, ki ja da baya. Ba a tsaya wa manya a ka alhali suna zaune. Ko ɗan yaye ya san wannan a tsibirinmu na Savai'i.

Ta ɗebo ruwan, ta taka tabarmar farko, ta buɗe baki za ta nemi gafarar wucewa. Iyakar abin da ta sani ke nan. Sai kawai ta ga tasar ta karkace a hannunta, ruwa ya jiƙa mata ƙafa ya gangara har ƙarƙashin zanen Fasto, ita kuma tana tsaye ƙiƙam a gabansa, idonta cikin nasa. Dattawa ukun da suka rako Fasto sun dakata da lomar gwaza a hannu.

"Yarinya ce," in ji Fasto, yana ɗage gefen zanensa. Ya yi irin murmushin nan da ya fi zagi ciwo.

Pesamino ya bari sai da baƙi suka tafi. Sannan ya ja 'yarsa bayan rumfar girki, ya zaro tsintsiyar kwakwa.

"Sau nawa na kira sunanki?"

"Ban ji ba, Pesa." Da sunayensu muke kiran iyayenmu a nan, ba raini ba ne.

"Sau uku. Kin zuba wa bawan Allah ido kina tauna baki kamar saniya. Wa kike so ki nuna wa ban isa da gidana ba?"

Ta sha duka har ƙafafunta suka yi rudu-rudu. Amma ba dukan ne ya fi cin ranta ba. Ba ta san laifin da ta yi ba, ba ta ga lokacin da ta yi shi ba, kuma ba yau farau ba. Tun bayan Ista abin yake zuwa mata, sau goma, sau ashirin a yini. Sai ka ce wani ya sa almakashi ya yanke 'yar guntuwa daga ranarta ya haɗa bakin. Tana tsakiyar magana sai ta ga fuskokin mutane sun canja. Tana kaɗa mafici a kan abincin manya sai ta ga ƙudaje sun cika kifi, kakarta kuma tana zabga mata harara. Ba ta jin ciwo, ba ta faɗuwa, ba ta kumfar baki. Tsayawa kawai take yi, idonta a buɗe, na ɗan lokacin da mutum zai ƙirga goma. Sannan ta dawo ta tarar an riga an yanke mata hukunci.

A gida sunan abin kunnen ƙashi. A makaranta kuwa yara suka raɗa mata suna Ginshiƙi.

Wata rana ana wasan ƙwallon hannu, ƙawarta Pua ta jefo mata ƙwallo, ƙwallon ta buge ta a ƙirji ta faɗi ƙasa, ɗaya ɓangaren suka ɗauke suka ci. Wata ranar kuma ta dawo hayyacinta a layin shiga aji ta tarar da jakar wani yaro rataye a wuyanta, aji duka na dariya.

"Ginshiƙi, riƙe mini nawa ma mana."

Ta duba cikin masu dariyar ta ga Pua, hannu a baki. Tun suna aji ɗaya suke raba ayaba ɗaya, suke tsefe wa juna kai. Da aka tashi Talaleu ta bi ta a hanya.

"Me na yi miki?"

"Ba komai," in ji Pua, ba ta kalle ta ba. "Ina yi miki magana ki share ni. Jiya na ba ki labarin ƙanina gaba ɗaya, kina kallon bishiya. Idan ba kya sona ai sai ki faɗa."

"Ban ji ba ne, na rantse."

"Kullum ba ki ji ba. To ni na gaji."

Daga ranar Talaleu ta koma cin abincinta ita kaɗai a gindin tankin ruwa.

Malama Sauiluma ce kaɗai ta tsaya ta duba da kyau. Ta lura rubutun yarinyar yakan katse a tsakiyar kalma, alƙalami ya ja layi ya sauka ƙasa, sannan ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Mai raini ba ya yin haka. Da nas ta zo makarantar duba haƙora da kunnuwan yara, Malama ta riƙe Talaleu a baya ta shigar da ita ofis.

Nas ɗin ta ɗaga wata takarda a gaban fuskarta. "Hura wannan, 'yata. Da sauri, kar ki tsaya sai na ce."

Talaleu ta yi ta hurawa. Can sai ta ga takardar tana kan tebur, matan biyu suna kallon juna.

"Me na ce miki yanzun nan?" in ji nas.

"Kin ce in hura."

"Bayan nan na ce kifi, na ce jirgi, na kira sunanki sau biyu. Kin ji?"

Talaleu ta sunkuyar da kai, ta jira faɗa. Sai nas ta durƙusa har idonsu ya yi daidai, abin da babba bai taɓa yi mata ba.

"Saurara da kyau. Ba laifinki ba ne. Kanki ne yake ɗauke wuta na ɗan lokaci ya dawo. Wata irin farfaɗiya ce ƙarama wadda ba ta kayar da mutum. Tana da magani, yara da yawa sukan rabu da ita kafin su girma. Amma sai likita ya gan ki."

Ta rubuta wasiƙa. Akwai likitan ƙwaƙwalwar yara da yake zuwa daga New Zealand sau ɗaya a shekara, ya yi mako guda a babban asibitin birnin Apia, can tsibirin Upolu. Bana zai zo a mako na ƙarshe kafin bikin Lahadin Yara na coci, ya koma ranar Juma'a. Abin da ake so kawai wani babba ya hau jirgin ruwa da ita ya ƙetara.

Da gudu ta koma gida. Duk tsawon hanya tana maimaita maganar a ranta: ba laifina ba ne. Rabon da ta ji jikinta sakayau haka tun kafin Ista.

Bayan addu'ar yamma ta rarrafa ta miƙa wa mahaifinta wasiƙar. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta, ya ɗora gwiwa a kai.

"Farfaɗiya," ya ce. "Mafu, kin taɓa ganin yarinyar nan ta faɗi?"

Mafutaga, uwar, ta girgiza kai.

"Ta taɓa kumfa? Ta taɓa faɗawa wuta? Na ga mai farfaɗiya da idona, mutum huɗu ba sa iya danne shi. Wannan tana ci, tana gudu, tana hawa kwakwa kamar namiji. Zo nan. Nuna mini inda yake miki ciwo."

Talaleu ta kasa nuna ko'ina.

"Kun gani? In an aike ta ne ciwon yake tashi."

Ba gaskiya ba ne, har a tsakiyar wasa yake zuwa mata, har tana cin abin da take so. Amma yaro ba ya musu da uba. Kuma duk wanda yake zaune a gidan ya san abin da ke ƙarƙashin maganar. Da Kirsimeti dangi za su taru daga Auckland da Pago Pago su zaɓi wanda za a naɗa sarautar matai, shugabancin dangi da gonakinsu. Pesamino ya shekara ashirin yana yi wa wannan sarauta bauta. 'Ya'yan baffansa ma suna so. Idan aka gan shi a jirgin ruwa da yarinya da wasiƙar asibiti, kafin jirgin ya isa Upolu labari ya zagaye gari cewa akwai farfaɗiya a jininsa.

Kaka Taualai, mahaifiyarsa, ita tata fassarar daban ce.

"Ni na faɗa tun tuni. Yarinya mai gashi har gadon baya tana wucewa ta bakin tafki da tsakar rana, kai a kwance. Matar ruwan nan ba ta son a fi ta gashi. Turawa ne za su san wannan?"

Washegari aka kira mai tausa, ta murje yarinyar da ganye da man kwakwa tana yi wa aljana magiya. Da aka kwana uku abin bai daina ba, Kaka ta ɗauko almakashi. Talaleu ta zauna a kan dutse tana kallon gashinta yana zuba a ƙasa. A garinmu ba a aske wa yarinya kai sai ta yi abin kunya, kuma Kaka ta san haka sarai. Ranar Litinin yaran makaranta ba su tambayi dalili ba, su suka ƙirƙiro nasu, wasu suka ce sata ta yi.

Ta sami uwarta ita kaɗai tana kankare kwakwa.

"Mafu, nas ta ce likitan zai tafi ranar Juma'a."

"Na ji."

"Ke ki kai ni mana. Ba sai Pesa ya je ba."

Hannun Mafutaga bai tsaya ba. "In bar masa gida in hau jirgi ba izini? Ni baƙuwa ce a dangin nan, ke ma kin sani. Cewa za su yi daga wajenmu kika ɗauko. Ki bari a wuce Kirsimeti, in an naɗa shi hankalinsa ya kwanta, zan lallaɓa shi."

"Likitan ba ya nan lokacin."

"To baɗi. Shekara ɗaya ce." Ta share gumi da bayan hannu. "Ke ma ki taimake ni. In kin ji zai zo, ki cije, ki mintsini kanki. Ki yi ƙoƙari mana, Leu. Kina ganin halin da nake ciki."

Ta yi ƙoƙarin. Ta mintsini cinyarta har ta yi baƙi. Ta sa tsakuwa a takalmi don zafi ya riƙe ta a farke. Amma yaya mutum zai tare abin da ba ya jin zuwansa? Kuma tun da aka ce ta yi ƙoƙari, duk zuwan da ya yi sai ya zama shaida cewa ba ta yi ba. Maganar nas ta fara dusashewa a ranta. Mutum ɗaya ne ya ce ba laifinta ba ne, sau ɗaya. Mutum goma suna cewa laifinta ne, kullum.

Abu guda ya rage mata, Lahadin Yara. Rana ɗaya ke nan a shekara da duniya take juyewa: yara su sa sababbin fararen kaya, su hau gaban coci ɗaya bayan ɗaya su karanta ayoyin da suka haddace, a dawo gida su zauna a tabarmar manya, iyaye su kawo musu abinci su tsaya suna kora musu ƙuda. Ranar ba a ɗaga wa yaro hannu. Matar Fasto ta ba Talaleu ayoyi shida, mafi tsawo a ajinsu, don ba a fi ta hadda ba. Ta haddace su tsaf cikin kwana huɗu. Tana shara tana karantawa, tana ba aladu abinci tana karantawa. A ranta, in ta tsaya a gaban gari ta kawo su ba kuskure, kowa zai ga ita ba Ginshiƙi ba ce. Farar rigar tana rataye a jikin ginshiƙin gida, Mafutaga ta ɗinka mata da leshi a wuya.

Ranar Talata Malama Sauiluma ta aiko cewa gobe za ta zo gidan da kanta. Washegari Pesamino ya kira 'yarsa gona da safe, ya zaunar da ita a kan kututture. Bai ɗaga murya ba. Da ya daka mata tsawa ma da ya fi sauƙi.

"Malamarki ta ce ba ki da lafiya. To shi ke nan, na yarda. Amma marar lafiya ba ya tsayawa a gaban coci. Zan gaya wa matar Fasto ta ba wata ayoyinki, rigar kuma a ba ƙanwarki, a rage mata tsawo. Ke ki kwanta a gida ki yi jinya."

"Pesa, na haddace su duka."

"Na sani. Shi ya sa nake mamaki. Mai ciwon kai ne zai haddace aya shida?" Ya sare wani ganyen ayaba ya jefar. "In kuma lafiyarki ƙalau, wasa ne kawai yake ɗauke miki hankali, to ki faɗa wa malamarki da bakinki. Ni ba na tilasta wa kowa. Zaɓi naki ne."

Haka ya ce, zaɓi nata ne. Yarinya 'yar shekara tara.

Malama ta zo da la'asar, ta zauna a gindin ginshiƙin da baƙi suke zama, ta lanƙwashe ƙafa. Pesamino ya yi mata doguwar maraba irin ta masu neman sarauta, ya yabi iyayenta da garinsu, aka kawo mata shayin koko. Da ta sami sarari ta shiga maganar.

"Ranka ya daɗe, saura kwana biyu likitan ya tafi. In aiki ya yi maka yawa, ni zan kai ta. Jirgin safe mu tafi, na yamma mu dawo."

"Mun gode, Malama. Amma gidan nan bai rasa mai kai 'yarsa asibiti ba, in da ciwo." Ya juya. "Talaleu."

Ta shigo a sunkuye, ta ce tulou, ta zauna. Ba ta kalli malamarta ba.

"Faɗa mata abin da kika faɗa mini."

"Lafiyata ƙalau, Malama."

"Leu, kalle ni. Kin tuna abin da nas ta ce?"

"Ƙarya na yi wa nas. Na ji duk abin da ta ce, na yi kamar ban ji ba." Muryarta ba ta rawa, sai ka ce hadda take bayarwa. "Da gangan nake yi. Ni ce ba na jin magana. Zan daina."

Malama ta daɗe tana kallon kan nan da aka aske. Ta buɗe baki, ta dubi Pesamino, ta dubi Kaka da ke gefe tana saƙar tabarma, ta dubi Mafutaga da ta ba su baya. Ita ma 'yar ƙasa ce, ta san iyakar inda baƙo yake tsayawa a gidan mutane, kuma gidan da take kwana na dangin nan ne. Ta shanye shayinta, ta yi godiya, ta tafi. Ranar Juma'a likita ya hau jirgi ya koma ƙasarsu.

Lahadi coci ya cika har waje. Yara sun yi fari fat, 'yan mata da furanni a gashi. Talaleu ba ta da inda za ta soka fure, sai uwarta ta ɗaura mata farin ƙyalle. Da aka kira sunanta ta fito, ta rusuna, ta fara. Muryarta ta cika cocin. Aya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ba gargada. Ta hango mahaifinta a layin gaba ya gyara zama, ya ɗaga haɓa. Daɗi ya cika ta, numfashinta ya yi sauri, ta shiga ta huɗu.

Ba ta ga komai ba. Ba ta ga yadda ta tsaya baki buɗe a tsakiyar kalma ba, ba ta ji matar Fasto tana raɗa mata ci gaban ayar sau biyu ba, ba ta ga an yi wa Pua alama ta fito ta fara nata don a rufe ɓaraka ba. A wajenta babu abin da ya katse. Don haka ta ɗora daga daidai kalmar da ta tsaya, da ƙarfinta, a kan muryar Pua.

Yara suka fara dariya, sannan manya. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mafici tana jijjiga. Talaleu ta duba ta ga Pua a gefenta, ta ga hannun matar Fasto ya kama kafaɗarta yana ja, ta gane abin da ya faru. Ba ta yi kuka ba. Ta bi hannun aka zaunar da ita, aya biyu da rabi suna bakinta.

A gida aka shimfiɗa wa yara tabarmar manya kamar kowace shekara. Maƙwabta suna wucewa, gidajenmu kuwa ba su da bango. Pesamino ya ɗauko faranti da kansa, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu naman alade da gwaza da ganye mai madarar kwakwa. Da ya iso gabanta ya durƙusa, ya zaɓo mata tsoka mafi girma, ya ɗauki mafici yana kora mata ƙuda. Duk mai wucewa zai ce ga uba.

"Ci," ya ce, a hankali yadda ita kaɗai za ta ji. "Yau ranarku ce. Gobe Litinin."

Ba wanda ya tsani yarinyar nan a gidan, wannan shi ne abin takaicin. Uba yana tsare sunan dangi, kaka tana tsare ta daga aljana, uwa tana tsare aurenta, malama tana tsare mutunci. Kowa da hujjarsa, kuma ba wadda ba za a saurara ba a gaban dattawa. Tsakaninsu suka ɗauki yarinyar da ke buƙatar ƙwayar magani da tafiyar yini ɗaya, suka koya mata cewa ita muguwa ce, har ta iya darasin fiye da ayoyinta.

Mafutaga ta zo da kofin ruwa ta durƙusa kusa da ita, idonta ya yi ja. Talaleu ta riga ta magana.

"Kar ki damu, Mafu. Kar ki roƙe shi gobe." Ta ɗauki tsokar ta kai baki. "Ai ni na ja."